Shekarar da Na Tare wa Rabe Ruwa

Yau kwana goma sha tara ke nan rabonmu da ruwa a Birchi, alhali gero ya kai gwiwa. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai iska ta zo ta watsa shi, a bar mu da zufa. Mutanen yanzu waya suke dubawa su ce maka ruwa sai jibi. Ni ganyen gero nake dubawa, kuma tun shekaranjiya na ga na maƙwabtana ya fara nannaɗewa tun da hantsi. Duk sanda na ga ganye ya nannaɗe haka, ba abin da ke faɗo mini a rai sai daminar da na yi wa ƙanena Rabe hassada har na ɓata gonata da hannuna. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma in na ce abin ya sake ni gaba ɗaya na yi ƙarya.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, sunana Sada, sai dai ban taɓa jin sunan a bakin Baba ba. Alkunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta. In yana nemana sai ya ce "kai", in yana maganata da wani sai ya ce "wancan". Rabe kuwa, da na girme shi da shekara biyu, a yini sai a kira sunansa sau ashirin, a yi masa faɗa da suna, a yabe shi da suna. Na san al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Sanin bai hana abin ci mini rai ba.

A ranin waccan shekarar Baba ya ce mun isa a yanka mana gayauna. Aikin gandu, wato babbar gonar gida, daga safe ne zuwa azahar, kowa da kowa. Abin da ya rage na yini naka ne, ka je ka noma taka, abin da ta ba ka kuma ba mai taɓa maka. Ya kai mu bayan gari, gindin wani ɗan dutse, ya nuna mana fili biyu. Ɗaya jigawa ce mai laushi a bakin hanyar Kurfi. Ɗayar tana bayanta, faƙo ne tsura, ƙasa mai tauri wadda ko ciyawa ba ta yarda ta tsiro a kai ba.

"Babba shi ka zaɓe," in ji Baba, yana kallon wani wuri daban. Sannan ya ƙara da maganar da ta hana ni sukuni damina guda: "Bana daga gayauna zani ɗebi iri. Wadda ta hi kyau, daga nan za a ɗaure damin."

Damin iri ba ƙaramin abu ba ne a gidanmu. Da kaka Baba da kansa yake bin gero zangarniya zangarniya, ya ware masu ƙoshi, a ɗaure su dami guda a rataye a cikin rumbu, kuma ko yunwa za ta kashe mutum ba a taɓa shi. Shi za a shuka baɗi a gandu gaba ɗaya. Na ce a raina, in aka ɗaure iri daga gonata, ko Baba bai faɗi sunana ba, gari zai faɗa masa shi. Na zaɓi jigawa ba tare da na ko yi tunani ba. Ba laushin ƙasar kaɗai na duba ba, har da hanyar. Ina so duk mai tafiya kasuwar Kurfi ya ga gerona ya tambayi na wane ne.

Na zaci Rabe zai ɓata rai. Sai na ga ya tsuguna yana ƙwanƙwasa faƙon nan da dutse yana murmushi. Ashe a cin ranin da ya je wajen Maraɗi ya ga yadda mutanen can suke yi da irin wannan ƙasa. Washegari ya aro diga, ya fara haƙa ramuka ƙanana, kowanne kamar faɗin ƙwarya, a jere, taku guda tsakaninsu. Ƙasar da ya fitar sai ya tara ta a gefen gangare, don in ruwa ya zo ya tsaya a ramin. Sannan ya riƙa jido takin awaki a mangala da jakin Baba, yana zuba tafi biyu a kowane rami.

Bazara ce fa, irin wadda kafin hantsi ƙasa ta gagari tafin ƙafa. Mu muna gindin darbejiya a ƙofar gida muna fifita da hula, muna jiyo ƙarar digarsa daga nesa. Gara ta cika ramukan tana cin takin, mutane suka samu abin dariya. Wani ya ce Rabe ya zama magini, gidaje yake yi wa gara. Ni na fi kowa ƙyaƙyatawa. Amma abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ba ramukan ne suke damuna ba, waƙar ce. Rabe waƙa yake yi yana haƙa. Da asuba kafin in gama miƙa ya riga ya saɓa diga, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. In ya dawo, hannunsa duk kanta, sai ya zauna yana ba Inna labarin rami nawa ya ƙara, ita kuma tana ta sa masa albarka. Ni noma aiki ne a wurina, a yi a gama a huta. Shi kuwa daɗi yake ji, kuma na rasa inda yake samo daɗin. Na tsani wannan murnar tasa fiye da yadda zan iya faɗa.

Ruwan farko ya sauka mai kyau, muka yi shuka. Gerona ya fito tsaf a jigawa, layi layi, masu wucewa suna ce mini sannu da aiki. Muka yi noman farko, muka shiga maimai, ina ta hura hanci. Sai ruwa ya ɗauke.

Mako guda ba wanda ya damu. A mako na biyu aka daina hira da ƙarfi. Rumbun gida dama ya yi ƙasa, don daminar da ta wuce ba ta yi albarka ba. Inna ta mayar da tuwo sau ɗaya a yini, da safe sai kunun kanwa mai ruwa-ruwa, wanda kafin ka isa gandu ya bar cikinka. Da rana mata su fita su tsinko tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a kwaɗa da ɗan ƙuli, daga baya ƙulin ma ya ƙare aka koma gishiri zalla. Har yau in na ji warin tafasa tana dahuwa sai yawu mai ɗaci ya cika mini baki. Dusar da ake ba awaki aka fara tankaɗewa ana haɗawa da gari. In ka duƙa da fartanya ka ɗago da sauri, sai ka ga duhu, ka dafa ƙota har ya wuce. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga yana fitowa da laka.

Gerona shi ya fara sallamawa. Jigawa ba ta riƙe ruwa, in ka tura hannu har wuyan hannu yashi ne mai zafi. Ganye ya nannaɗe, ya koma ruwan toka, na ƙasa suka bushe suna ƙara in iska ta taɓa su. A bayansa kuwa, taku kaɗan, geron Rabe yana tsaye a ramukansa, kore shar. Garar da muka yi wa dariya ta huda faƙon nan da ƙananan hanyoyi, ruwan farko ya shige ƙasa ya zauna.

Daga nan mutane suka fara tsayawa a bakin hanya, kamar yadda na yi fata. Sai dai ba gerona suke kallo ba, ta samansa suke leƙe. Masu jakuna daga Wurma su ɗaure dabbobinsu, su ratsa ta tsakiyar gayaunata su je su ga abin mamaki. Kafin mako ya zagayo sun fitar da turba sosai a cikin gonata. Wani dattijo ma da ya dawo ya same ni tsaye, ya ce, "Samari, ko ka san mai gonar can ta baya?" Na ce ban san shi ba. Da yamma na saro ƙayar magarya na toshe turbar, washegari suka buɗe wata a gefenta.

Wata safiya na hango Baba tsugune a gonar Rabe, yana tona gindin gero da yatsa yana duba laima. Ya daɗe a nan. Da zai koma gida ta cikin tawa ya bi, bai ko sunkuya ba.

Akwai wata 'yar hanyar ruwa da ke saukowa daga dutsen nan. In an yi ruwa, abin da ya zubo daga kan dutse yakan bi ta iyakar gonakinmu, sannan ya baje a faƙon Rabe, don ya ɗan fi tawa gangare. Na daɗe ina kallonta. Na shawo kan kaina cewa ba wayonsa ba ne, ba ramukansa ba ne, ruwan dutse ne yake sha shi kaɗai, ni kuwa an cuce ni. Mai hassada ba ya rasa hujja, ni ma ban rasa ba.

Da farin ya kai kwana ashirin da wani abu, liman ya sa aka yi shelar roƙon ruwa. Gari ya fita filin idi da hantsi, maza da mata, tsofaffi da jarirai, an juya riguna bai-bai, tsofaffin mata sun daka gumba da ɗan abin da ya rage musu don sadaka. Ni na ce cikina ke murɗawa. Inna ta jiƙa mini kanwa ta tafi. Suna ɓacewa na ɗauki garma da kwando na nufi gindin dutse.

Ban taɓa aiki irin na ranar nan ba, kafinta ko a gandu. Na jido duwatsu, wasu da ƙyar nake mirgina su, na jera su a bakin hanyar ruwan, na cike tsakaninsu da ƙasa na daddanna da ƙafa, har na tayar da jinga mai kai ƙugu. Sannan na yanka sabuwar hanya da ta karkato cikin jigawata. Ina jiyo muryoyin jama'a daga filin idi iska tana kawowa, suna roƙon Allah ruwa, ni kuma ina nan ina shirin sace shi in ya zo. Da ciki babu komai sai kunu na yi wannan aiki, farcena biyu suka fita, ban ji ba sai da na gama.

Bayan kwana biyu, da la'asar, ruwan ya zo. Iska ta fara kwashe jinkar rumbun maƙwabta, sannan sama ta buɗe. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, mata suna ta tara ƙorai da tukwane, Inna tana kuka tana hamdala. Aka yi ta yi har magariba ba sassauci. Ni ina zaure ina murna iri biyu, ɗaya da kowa, ɗaya tawa ni kaɗai.

Da gari ya waye na riga kowa fita. Tun daga nesa na ga hanyar Kurfi ta cika da yashi da karan gero. Jingata ta yi aikinta, ba ta ko motsa ba. Ruwan dutse gaba ɗaya ya bi hanyar da na yanka masa, ya samu yashi mai laushi, ya tsaga gonata gida biyu. Kwazazzabo ne ya buɗe tun daga iyaka har bakin hanya, zurfinsa ya kai ƙirjina. Rabin gerona ya tafi, sauran yana kwance saiwa a sama. Na zauna a bakin ramin.

Sai ga Rabe da gudu. Ya dubi kwazazzabon, ya dubi jingar, ya dubi gonarsa da ruwan sama kaɗai ya cika mata ramuka daidai wa daida. Na jira ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya durƙusa ya kama hannuna mai ciwon nan, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya, kai ka yi wanga aiki? Da ruwan ga ya sauka bisa ramukana, ai da ya binne su duka. Ka kashe taka don ka tsirar mani da tawa? Mi zani biya ka da shi?"

Na bar shi a kan haka. Kafin azahar labari ya gama gari, cewa Sada ya ba da gonarsa don ta ƙanensa. Mutanen da suka tattake mini gero suka riƙa zuwa suna sa mini albarka. Sunan da na so a faɗa ya shiga bakin kowa, kuma kowace albarka kamar mari nake jin ta.

Sai bayan kwana uku Baba ya biyo ni gonar. Ya same ni ni kaɗai a wurin, ya zagaya jingar a hankali, ya taɓa babban dutsen da ke ƙasa da sandarsa.

"Ranar roƙon ruwa aka yi wannan," in ji shi. Ba tambaya ba ce. Na sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Mai ciwon ciki ya jera duwatsun ga shi kaɗai, rana guda. Ashe akwai aiki jikinka. Ban sani ba sai yau." Ya nuna kwazazzabon da haɓa. "To, ga wuri nan. A cike shi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Bai tona ni ba, bai kuma yabe ni a gaban kowa ba.

Kaka ta zo da ƙyar. Gandu ya ba da abin da ya ba da, ba yawa. Tumun farko da muka gasa a gidan daga gonar Rabe ya fito, na ci, don yunwa ba ta bar ni na yi fushi da shi ba. Ranar ɗaurin iri Baba ya shiga faƙon nan ya ware zangarniyoyi dogaye masu nauyi, ya ɗaure da kansa. Sannan ya ce babba shi ke ɗaukar iri zuwa gida. Haka na ratsa gari da geron Rabe a kaina, shi yana biye da ni yana gaisawa da mutane. Tun daga shekarar ake kiran irin nan geron Rabe, har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Cike kwazazzabon ya ci mini rani uku. Na fara shi ne da baƙin ciki, ba zan ɓoye ba. Ina jera duwatsu a cikinsa mataki mataki, ina dasa gamba a gefe don ta riƙe ƙasa, kuma da kowane dutse Rabe nake gani. Na rushe jingar na mayar da ruwa hanyarsa. Na aro digar da na yi wa dariya, na fara haƙa ramuka a inda ruwa ya kwashe yashi ya bar tauri, ina yi ina duba hanya kada wani ya gan ni. Burina kawai in fi shi. Amma bayan rani na biyu, da aka yi ruwan farko, na je na tarar matakin farko ya tara ƙasa baƙa mai laushi, har wata ciyawa ta tsiro a kai. Na tsuguna na damƙi ƙasar nan. Washegari na farka kafin kiran salla, ina ɗokin in je in ga mataki na biyu. Ina cikin tafiya da diga a kafaɗa na ji wani yana waƙa, na waiga ban ga kowa ba, ashe ni ne. Sai da na kai gona na tuna tun da na tashi Rabe bai faɗo mini a rai ba.

Shi Rabe bai ma daɗe a noma ba. Bayan rasuwar Baba ya bar mini faƙonsa ya koma Dutsin-Ma yana sayar da hatsi, da irin zumuɗin nan nasa, ya yi shago, ya je Makka. Alhaji Rabe ne yanzu, ya yi tumbi, kuma har gobe in ya buɗe shago da safe sai ka ce ranar ya fara. Abin yana ɗan sosa mini rai har yanzu, don shi da abinsa aka haife shi, ni kuwa sai da na yi ɓarna na samu nawa.

Jiya ya zo duba ni saboda farin nan, tare da wani abokin cinikinsa daga Karofi. Na kai su gona. Gonakin da ke kewaye duk sun yi yaushi duk da takin zamanin da aka zuba musu, tawa kuwa tana tsaye a ramuka, kuma inda kwazazzabon yake dā nan ne ya fi ko'ina duhun kore. Rabe bai ɓata lokaci ba ya ɗauko labarin da ya saba bayarwa, yadda yayansa ya ba da gonarsa dominsa. Na ji ba zan iya sake haɗiye shi ba, ga furfura ta cika mana kai.

Na ce, "Alhaji, tsaya. Ba don in tsirar da kai na yi jingar nan ba. Ruwanka na so in sace. Baƙin cikinka nike yi, tun daga ranar da ka ɗauki diga."

Ya dube ni, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya dafa baƙon ya ce, "Ka ji shi ko? Haka Yaya yake tun muna yara, bai son a yabe shi."

Shekara arba'in ina ɗauke da maganar nan, na sauke ta, mutumin ya ƙi karɓa. Na rasa ko in yi fushi ko in yi dariya.

Baƙon bai kula da mu ba. Ya riga ya tsuguna yana tona gindin gero da yatsa, daidai yadda Baba ya yi a wancan lokacin. Ya ɗago ya ce, "Malam Sada, don Allah wane irin gero ne wannan? Ina so a sam mani iri in kaka ta yi."

Na dubi Rabe, yana share hawayen dariya da bakin rigarsa mai tsada, hannunsa sumul, ba kanta ko ɗaya.

"Geron Rabe ne," na ce. "Amma ramukan ni na haƙa su."